Kan Mashin Yana Rawa? Kar Ka Fara Da Ɗaure Noti

Abin da aka fi yi idan kan mashin ya fara kaɗawa shi ne a ce wa bakanike, "Maigida, ɗaure min notin wuya." Ya ɗaure tamau, rawar ta lafa kwana biyu, boris (ƙwallayen ƙarfen da wuyan ke juyawa a kansu) ya ci kansa, mashin ya koma yawo a titi kamar wanda ya sha. Gwajin boris ba wuya: ɗora mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Kan ya kamata ya faɗi dama da hagu sumul, ba sarƙewa a tsakiya. Sannan ka kama ƙafafun shokozoba na gaba ka ja gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, akwai sako-sako. In yana cijewa, boris ya mutu, sabo za ka saka da giris.

Kafin nan ma, iska. Masu sassauta taya saboda yashin hanyar ƙauye sukan manta su ƙara idan sun hau kwalta. A auna da geji, ba da babban yatsa ba.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne gyaran ƙawa da na lodi. Mutum ya sa mai walda ya tsawaita kariya, wato wurin ɗora kaya a baya, don buhunan kasuwar Maigatari ta Alhamis, nauyi ya koma bayan tayar baya, ta gaba ta rage kama ƙasa. Wani ya saka dogon shokozoba a baya don Boxer ɗinsa ya yi tsayi. Ga abin da bai sani ba: in ka bi layin wuyan mashin har ƙasa, yana sauka ne kamar santimita 10 a gaban inda taya take taɓa ƙasa. Wannan 'yar tazara ce ke mayar da kai tsakiya da kansa. Ka ɗaga baya, ko ka sa wa gaba wili da bai kai inci 17 na asali ba, tazarar ta ragu, kai ya yi sauƙin juyawa, ya fara rawa a gudu. Noti ba ya maganin wannan, sai an mayar da tsayin yadda yake.

A duba bayan ma. Wajen jan sarƙa, in an ja gefe ɗaya na tayar baya fiye da ɗayan, tayoyin biyu ba sa bin layi guda. Ja zare daga baya zuwa gaba, za ka gani da idonka.