Kurakuran da muke tafkawa in musu ya ɓarke a majalisa

Ba wanda ya hana ka son kulob ɗinka ko motarka, amma don Allah in za ka yi musu a teburin mai shayi ko gidan kallo a nan Katsina ka riƙa tantance abin da kake so da abin da ya faru, domin nan ne mafi yawanmu muke zamewa.

Ƙwallo ta fi komai jawo ɗaga jijiyar wuya. Sai ka ji mutum ya miƙe yana ihun satar gida alhali daga jifa aka ba ɗan wasan ƙwallo, to malam babu satar gida a jifa, babu a kwana, babu a bugun gola, in dai kai tsaye ta zo masa. Wani kuma har yanzu lissafin ƙwallon waje yake a gasar zakarun Turai, wai ɗaya ta zama biyu, bai san UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta soke dokar tun 2021 ba. Akwai masu cewa mun ci kofin duniya a 1996, a'a, zinaren Olamfik ne a Atlanta, muka fitar da Brazil da ci 4-3 sannan muka doke Ajantina 3-2 a wasan ƙarshe. Abin alfahari ne ƙwarai amma ka kira shi da sunansa. Kofin Afirka kuwa 1980 da 1994 da 2013 ne. Maganin duk wannan waya ce a aljihunka, kafin ka rantse da Allah ka duba, minti ɗaya bai kai ba.

Shi kuma musun Messi da Ronaldo, matsalar kowa da ma'auninsa yake zuwa, wannan na ƙirga Ballon d'Or takwas da kofin duniya na 2022, wancan na ƙirga kofin zakarun Turai biyar, to yaushe za ku haɗu? Ku fara yarda a kan me ake awo tukunna.

A mota ne kuskuren yake cin kuɗi, shi ya sa ya fi ba ni haushi. An yanke wa Fijo 406 hukunci wai matsalar wuta gare ta, amma je ka buɗe bonet ɗin yawancinsu ka ga yadda aka yayyanka wayoyi aka naɗe da salatif, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota har a kashe. Sannan an cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, wai ƙasarmu da zafi, an cika lagireto da ruwan rijiya har ya yi tsatsa ja. Injin da ba tamostat ba ya saurin kaiwa zafin da aka tsara masa, sai ya riƙa shan mai, gobe mai motar ya zo majalisa yana zagin kamfani. Gyaran shi ne ka mayar da tamostat, ka sa ruwan lagireto na gaske, ka kai ta wurin wanda ya san ta, mai na'urar duba matsala. Haka masu cewa Toyota ba ta lalacewa, tana lalacewa mana, kayan gyaranta ne ko'ina akwai kuma kowane bakanike ya saba da ita.

Fim kuwa, ba duk fassarar Indiya ce Bollywood ba. Bollywood ta Mumbai ce da harshen Hindi, da yawa daga cikin masu dukan nan da mutum ɗaya ke watsa talatin daga kudancin Indiya suke, na Telugu da Tamil.

Sai 'yan gem, masu auna ɗan wasa da lambar da aka ba shi a PlayStation, yaro bai taɓa kallon wasan mutum na minti casa'in ba amma ya ce ai gudunsa kaza ne. Kuma sunayen gem ɗin ƙwallon ma sun canza, PES ta koma eFootball a 2021, FIFA ta zama EA Sports FC a 2023, in ka ci ɗaya ba shi ke nuna ka iya ɗayar ba don ko yadda ake riƙe ƙwallo da bugawa ba iri ɗaya ba ne.