Yadda ake sassaƙa ado a jikin gilashi ba tare da ya fashe ba

Duk yaron da ya zo shagona a Agege koyon aiki, tambayarsa ta farko ita ce yaushe za mu fara busa gilashi irin na mutanen Murano ta Italiya da yake gani a waya. Sai in ce masa ya dakata. Busa tana son tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000, kuma kuɗin gas a Legas ba sai na faɗa ba. Ko 'yan Masaga na Bida, masu narka kwalba su yi awarwaro da duwatsun wuya, gadon gidansu ne. Mu sassaƙa muke yi a kan gilashin da an riga an ƙera.

Fara da zaɓen gilashi, don a nan na sha kashi. Wani Alhaji daga Idi-Araba ya kawo mini gilashin teburin falonsa in rubuta sunansa. Ina cikin harafi na uku, na ɗan zurfafa, sai ji na yi tas! Ya wargaje kamar tsakuwa, har cikin takalmina. Ashe irin wanda aka gasa ne aka sanyaya shi da gaggawa, kamar na tagar gefen mota. Fatarsa a matse take, cikinsa a ɗaure, da ka huda fatar shi ke nan. Sai da na biya. Yanzu kafin in taɓa faifan gilashi sai na duba kusurwa ko akwai ƙaramin tambari, sannan in sa tabarau mai kashe ƙyalli in kalle shi a rana. In na ga dabbare-dabbare a jikinsa, na mayar wa mai shi.

Kai ɗan koyo, kwalbar lemo ta ishe ka. Sai hannu ya faɗa ka sayi tambulan masu kauri a Idumota. Masu sirara asarar kuɗi ne.

Wanke shi da sabulu, ka zana adon a takarda, ka manna ta ciki da salatif, ka bi layin da maka ta waje. Cire takardar ka cusa baƙin ƙyalle, don farin layin da kake yankawa ya fito sarai.

Sai inji. Ƙaramin na hannu irin Dremel, da baki mai ɓarɓashin daimon. Ni mai batir nake so, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar layi ba daɗi. Riƙe shi kamar biro, kada ka danna. Yara suna dannawa kamar masu huda katako, wurin ya yi zafi, tsaga ta biyo baya. Ajiye jiƙaƙƙen soso kusa, kana ɗiga ruwa a kai a kai. Yana sanyaya bakin, yana kuma kwantar da ƙura. Ƙurar nan illa ce ga huhu, takunkumi da tabarau dole ne. Kuma bar tazarar yatsa ɗaya daga leɓen kofi, nan ya fi saurin ɓantarewa.

In layin waje ya kammala, canza baki mai faɗi ka cike ciki, ka ɗauraye, ka ɗaga shi ga haske ka gyara inda ka tsallake. Na biki kuwa, karɓi rabin kuɗi tukuna, kuma a rubuto maka sunan amarya a takarda.