Yadda nake zana mazurari a AutoCAD kafin Kawu ya sa almakashi

Kawuna mai walda ne a Sabon Gari, kuma shi ya sa na koyi wannan aiki da gaske. Ranar da aka kawo masa aikin mazurarin injin niƙa ya ce min, "Ɗana, bakinsa santimita 30, wuyansa 6, tsayinsa 16. Fitar min da shi a kwamfutarka, kada mu ɓata ƙarfe." Ga yadda nake yi.

Ina buɗe AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, in koma wajen aiki na 3D Modeling, in rubuta UNITS in tabbatar milimita nake aiki da ita. Sai in juya kallon zuwa SE Isometric, domin in daga sama kake kallo, da'ira kawai za ka gani, har ka zaci abin bai fito ba.

Daga nan sai ka rubuta CONE ka danna Enter. Zai tambaye ka tsakiyar gindi, ka ba shi 0,0,0. Tambaya ta biyu ita ce inda mutane suke faɗuwa: rabin faɗi yake nema, ba faɗin duka ba. Wuyanmu milimita 60 ne, don haka 30 za ka rubuta. Ni daga wuya nake farawa, don mazurarin ya tsaya bakinsa sama yadda zai zauna a kan inji. Idan ya nemi tsayi, kada ka yi saurin ba shi, in ba haka ba tsini zai yi kamar jinkar ɗaki. Rubuta T, ka ba shi 150, wato rabin bakin, sannan tsayi 160. Sauya salon kallo zuwa Conceptual ka ga jikinsa.

Abin da ya fito dunƙule ne, ba rami a ciki. Rubuta SOLIDEDIT, ka zaɓi Body, sannan Shell, ka danna siffar, ka cire fuskar sama da ta ƙasa, ka ba shi kaurin ƙarfen, misali milimita 1. Ka riƙa danna Ctrl da S, don wuta kan ɗauke ana tsakar aiki.

To, amma Kawu ba siffar allo yake yanka ba, shimfiɗaɗɗen falle ne a gabansa, kuma nan ne na taɓa yi masa asarar ƙarfe. Na ba shi 160 a matsayin tsawon gefe, alhali 160 tsayin tsaye ne. Gangaren gefen ya fi haka. Cire 30 daga 150, saura 120. Ninka 120 da kanta, 160 ma da kanta, ka haɗa, za ka sami 40,000. Lambar da in ta ninka kanta take ba da haka ita ce 200, shi ne gangaren. Sai 150 sau 200 a raba da 120, ya ba ka 250: rabin faɗin babbar da'irar da za a zana a kan falle. Ƙaramar kuma 50, wato 250 a cire 200. Ba duk zoben ake so ba, digiri 216 kawai, wato 360 sau 150 a raba da 250.

Zana da'irorin biyu da CIRCLE a tsakiya ɗaya, ka ja layi biyu daga tsakiyar, ɗaya @250<0, ɗaya @250<216, ka share ragowar da TRIM. Ƙara rarar milimita 10 a gefe guda don wurin haɗi. Nakan kai shi Samaru wajen masu buga zanen gini, a fitar min a takardar A1 bisa ma'aunin 1:1, kuma kafin in bar shagon sai na ɗora rula na ga 250 ɗin ta cika. Kawu ya manna takardar a kan falle, ya bi layi da almakashi.