Yadda Ake Tabbatar da Babbar Lamba Mara Rabuwa

Lamba mara rabuwa ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, kamar 7 da 31. Idan ƙarama ce, sai a yi ta gwada raba ta har a tabbatar, amma wannan hanya ba za ta yi aiki ba a kan lambar da Luke Durant ya gano a watan Oktoban 2024, mai alƙaluma 41,024,320. Tana cikin dangin lambobin Mersenne, waɗanda ake samu idan an jera 2 sau da yawa, aka ninka su, sannan aka cire 1. A wannan lambar, an jera 2 har sau 136,279,841.

Da farko ka duba adadin jerin, wanda za mu kira p. Dole shi ma ya kasance mara rabuwa, in ba haka ba aikin ya ƙare tun daga nan. Sai dai wannan sharaɗi bai isa ba, domin p na 11 yana ba da 2047, wadda ita ce 23 sau 89.

Sannan ka shiga gwajin lambobin Mersenne na masana lissafi Lucas da Lehmer, wanda a ganina sauƙinsa ne abin ban mamaki. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta, ka cire 2, ka raba abin da ka samu da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura kawai. Da wannan saura za ka maimaita aikin, har yawan zagaye ya kai p idan an cire masa 2. Idan saura na ƙarshe sifili ne, lambar ba ta rabuwa. Idan ba sifili ba ne, tana rabuwa, ko da yake gwajin ba zai faɗa maka abin da ke raba ta ba.

Ɗauki p na 5, wanda ke ba da 31, kuma zagaye 3 ake bukata. Daga 4 za ka samu 14. Daga 14 za ka samu 194, wadda idan an raba ta da 31 saura 8. Daga 8 kuma sai 62, wato 31 sau 2 cif, saura sifili.

Abin kiyayewa shi ne kada ka tsallake ɗaukar saura a kowane zagaye, domin tsawon lambar yana kusan ninkawa biyu duk sanda aka ninka ta da kanta, kuma kuskure ɗaya a tsakiya yana lalata duk abin da ya biyo baya. Da irin wannan dabara Édouard Lucas ya tabbatar da lambar p na 127, mai alƙaluma 39, da hannu a 1876. Ga manyan lambobi kuwa sai kwamfuta: GIMPS, shirin neman lambobin Mersenne marasa rabuwa wanda George Woltman ya kafa a 1996, yana ba da manhajar Prime95 kyauta, kuma ana sake gwada duk sabuwar lamba a wasu na'urori kafin a sanar da ita.