Zaɓen mikiron wuya ga mai son buga jaz da gitar lantarki

Gitar da ta fi yawa a hannun matasan Yamai ita ce mai siffar Stratocaster, mai siraran mikiro 3 (na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sautinta), kuma ba abin mamaki ba ne. Ita ce muryar kiɗan biki, ita muke gani a hannun Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, kuma kaifinta na ratsa hayaniyar ganguna ba wahala. Matsalar tana farawa ranar da mutum ya saurari gwanayen gitar jaz irin Wes Montgomery ko Joe Pass, ya ɗauko gitarsa ya kama akor (sautuka da yawa a bugu ɗaya) iri ɗaya, sai ya ji nasa sautin siriri ne kamar an tsame masa ruwa. Daga nan sai a zo mini da tambaya guda: wane mikiro zan saya in sa a wajen wuya?

Amsata ta farko ba ta yi wa kowa daɗi: kar ka sayi kome tukuna. Sa tsirkiyoyi masu santsi, waɗanda naɗinsu shimfiɗaɗɗe ne, irin D'Addario Chromes ko Thomastik-Infeld, masu kauri 11 ko 12 maimakon 9 da muka saba da ita. Ɗauki turnabis ka sauke mikiron wuyan ƙasa kaɗan. Murɗa maɓallin tone zuwa 5 ko 6, ka matsar da hannun bugunka kusa da ƙarshen wuya. Ka yi sati biyu a haka. Ed Bickert na Kanada ya yi shekaru yana buga jaz da Telecaster, gitar katako tsantsa, kafin ma ya sa mata babban mikiro a wuya. Wes kuwa da babban yatsansa yake bugu, ba da ɗan robar nan ba, kuma rabin laushin da kake ji daga naman yatsan yake. Idan bayan wannan har yanzu kunnenka bai gamsu ba, to mu shiga maganar sayayya.

Dalilin da ya sa ake magana kan na wuya kawai shi ne, a can ne tsirkiya take lilo da faɗi, don haka tushen sautin ya fi ƙarfi, kaifi ya ragu. Na wajen jaki, wato inda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikin gitar, ƴan jaz ba su cika waiwayarsa ba. Bar shi inda yake.

Kafin ka kalli sunan kamfani, kwance farantin robar ka leƙa ramin da ke cikin katakon. Mikiro mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, tsawonsa kusan milimita 70 ne, faɗinsa kusan 38, shi kuwa siririn Strat (wato Stratocaster) faɗinsa bai wuce 18 ba. Gitar Strat da yawa masu araha an fafe musu babban rami tun daga masana'anta, sai dai farantin ya rufe shi. Idan taka haka take, faranti kawai za ka sauya ko ka faɗaɗa. Idan ramin ƙarami ne, kar ka kai wa kafinta ya sa kurfi, na ga gitar da aka tsage ta haka. Akwai hambaka da aka matse cikin girman siriri, irin Little '59 na kamfanin Seymour Duncan. Ba zai ba ka faɗin sautin babban gaba ɗaya ba, domin ɗan gajeren wuri yake saurare a jikin tsirkiya, amma ya kama hanya.

Iri uku ne a gabanka, kuma kowanne da tarihinsa. Akwai mai ƙarfe ɗaya shimfiɗe da kamfanin Gibson ya sa wa gitar ES-150 a 1936, wanda ya ɗauki sunan makaɗin jaz Charlie Christian. Kamfanin Lollar na yin irinsa har na shiga Telecaster, amma da tsada. Akwai P-90 da ya fito a 1946, mai naɗi ɗaya mai faɗi, wanda ke kan ES-330 ɗin da Grant Green ya buga a farkon shekarun 1960. Sautinsa na da nama kuma yana da cizo, ni a kunnena babu kamarsa wajen buga layi ɗaya-ɗaya. Sai hambaka, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson a 1955, ya fara fitowa a kan gitar a 1957.

Da a ce kunne kaɗai ke yanke hukunci, da P-90 zan ce. Amma a Yamai muke. Duk mikiro mai naɗi ɗaya yana ɗaukar ƙugin kuran, kuma gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa a bangonsu. Ka haɗa da fanka a sama, fitilar neyon, caja mai araha a gefe, ko wurin biki da aka tada guruf, sai ka ji ampili na zuuu tun kafin ka taɓa tsirkiya. A kiɗan takamba mai zafi ƙugin yakan ɓace cikin ganguna. A jaz kuwa, inda ake barin fili tsakanin sauti da sauti, shi za a riƙa ji. Hambaka an naɗe shi ne gida biyu, ɗaya na juya wa ɗaya baya, da maganaɗisu a kishiyance, don haka ƙugin da ya shiga wannan sai wancan ya kashe shi, sautin tsirkiya kuma ya haɗu. Saboda haka ga wanda gitar ɗaya gare shi, kuma da ita yake zuwa ko'ina, hambaka nake cewa.

To wane hambaka? Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Tunanin da ake yi shi ne, tunda sautin jaz mai duhu ne, sai a nemi mikiro mai duhu, mai ƙarfi. Akasin haka ake so. Yawan naɗin waya yana ƙara ƙarfi amma yana cinye kaifi, kuma akor na jaz sauti 4 ko 5 ne a cunkushe, da na 7, da na 9, wani lokaci har na 13. A mikiro mai nauyin naɗi duk sai su dame kamar tuwon da ya sha ruwa, ba ka bambance na sama da na ƙasa. Kaifi idan ya yi yawa, maɓallin tone zai rage shi. Wanda babu shi tun asali, babu maɓallin da zai kawo shi.

Lambar da za ta taimake ka ita ce wadda ake rubutawa da k, wato kilo-om. Ga hambaka na wuya, nemi tsakanin 7 da 8 da ɗan abu. Tsofaffin na Gibson nan suke zagayawa, da waya lamba 42, naɗi kusan 5,000 a kowane gida. Idan ka ga 14 ko 16, na ƴan rok ne, kuma na wajen jaki. Lambar ba ta faɗin kome da kome, tana da ma'ana ne kawai idan kaurin wayar iri ɗaya ne. Kuma ga wani abu da ya shafe mu: juriyar jan ƙarfe tana hawa da zafi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Mikiron da aka rubuta masa 7.5 a ɗaki mai digiri 20, idan ka ɗora masa mita a watan Afrilu a nan, da zafi 40, zai nuna maka wajen 8.1. Kar ka ce an cuce ka.

Sai maganaɗisu. Wanda ake kira Alnico 2 ba shi da ƙarfin ja sosai, yana ba da sauti mai laushi da zagayayyen baki. Shi ne a cikin '57 Classic na Gibson da samfurin Seth Lover na Seymour Duncan. Alnico 5 ya fi ƙarfi, ƙasansa a ɗaure, samansa a buɗe, shi ne a cikin '59 na Seymour Duncan. Idan gitarka dama mai kaifi ce, irin Strat ko Tele, ɗauki na 2. Idan mai duhu ce, irin Les Paul ko babbar mai rami a ciki, na 5 zai share mata murya. Akwai wani samfurin Seymour Duncan da aka sa wa suna Jazz, SH-2. Mikiro ne mai kyau, amma yana cikin masu haske da kaifi, ƴan rok ma sun fi sa shi. Wanda ke neman kaurin Joe Pass a Strat ya saye shi don sunan, zai kwana yana murɗa tone.

Tambayi ko an jiƙa naɗin da kakin zuma ko kakin kyandir. Wanda ba a jiƙa ba, irin samfurin Seth Lover, yana da wani numfashi mai daɗi a ɗaki, amma ka ɗaga ampili a filin biki sai ya fara fito. Idan kana wasa a waje, ɗauki jiƙaƙƙe. Shi kuma kar ka bar shi cikin mota a rufe da tsakar rana, kaki ba ya son haka. Ni na fi son mai murfin ƙarfe, ko don ƙurar hunturu da ke cusa kanta ko'ina. Sai dai murfin ya zama na nikel, domin na tagulla yana dusashe sauti, kuma shi ake sa wa masu arha.

Masu babbar gitar sassaƙaƙƙiya da ba a huda fuskarta ba, irin mikiro mai rataye a faranti suke nema, na Kent Armstrong ko tsohon DeArmond. Irin waɗannan gitar ba su da yawa a nan, na wuce.

Kuɗi. Manyan sunayen nan sukan kai yuro 100 ko su haura, wato jika 65 da ƴan kai, ban da kuɗin kawowa. Galibi sai an yi saƙo wurin mai zuwa daga Turai, ko daga Legas da Kwatano. Jabu ya yi yawa a intanet, har da kwali da tambari, don haka idan ka ga '57 Classic a jika 10, ka san amsar. Gara ka sayi na Tonerider ko Wilkinson na gaske, da sunansa, da ka sayi ƙarya mai babban suna. A gitar da ita kanta ba ta kai jika 80 ba, na tsakiya ya wadatar.

Ranar sawa, duba potansiyon, wato na'urar da maɓallan ƙara da tone ke murɗawa a bayan faranti. Strat takan zo da 250k, hambaka kuma an saba haɗa shi da 500k. Gwada shi da 250k ɗin tukuna, sau da yawa ɗan duhun da yake ƙarawa shi ne daidai abin da ɗan jaz ke nema. Idan ya toshe da yawa, sai ka sauya. Kondansata mai mikirofarad 0.022, wadda ke liƙe a potansiyon tone, ta ishe ka. Launin wayoyi kuma kowane kamfani da nasa: a Seymour Duncan baƙa ce ke ɗaukar sauti, kore da tsirara su tafi ƙasa, ja da fara a haɗe su a naɗe. A DiMarzio ja ce ke ɗaukar sauti, baƙa da fara ake haɗewa. Duk mai gyaran rediyo da ya iya liƙi da dalma zai yi maka aikin, amma ka kai masa zanen kamfanin a wayarka, kuma ka tsaya a kansa kar ya daɗe da ƙarfe mai zafi a bayan potansiyo. Idan bayan an gama ka haɗa sabon da na kusa da shi ka ji sauti ya zama siriri kamar ta hanci, wayoyin sun juya, sai a musanya ta sauti da ta ƙasa, a bar tsirarar inda take.

Abin da ya rage tsayi ne. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ƙarfen da ke gicciye a wuya mafi kusa da mikiron, ka bar kusan milimita 2 da rabi tsakaninta da mikiron a gefen masu kauri, 2 a gefen sirara. Daga nan ka riƙa juya bis rabi-rabi kana kama akor ɗaya, da ƙarar da ka saba wasa da ita. Idan tsirkiya ta 6 tana danne sauran, sauke gefenta. Idan kuma ka sa masu santsi ka ji ta 2 ta fi ta 3 amo, nutsar da ƙaramin bis da ke ƙarƙashin ta 2, ka ɗan ɗaga na ta 3, har su yi daidai.