Yadda ake kafa eriya a kamo tashoshin nesa a gajeren zango

Wanda ya fara sha'awar gajeren zango, da zarar ya murɗa ya ji shuuu kawai, sai ya ɗora wa akwatin rediyon laifi, ya fara tunanin sayen babba. Kafin ka kai nan, duba abu biyu: wayar da ke kamo maka tashar, da hayaniyar da kayan lantarkin gidanka ke zubawa a iska. Ƙaramin rediyo da aka haɗa wa waya mai tsawon mita 10 a waje ya fi babba mai tsada da ke ajiye kusa da caja.

Gajeren zango ya kama daga wajen megahaz 3 zuwa 30. Abin da ke kai shi nesa shi ne wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke cajawa, wanda ke mayar da siginar ƙasa kamar madubi. Shimfiɗarsa ta sama, wadda ake kira F, tana tsakanin kilomita 200 zuwa 400 daga ƙasa, kuma tsalle ɗaya a kanta na iya kai sigina kilomita 4,000. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar D, wadda ke bayyana da rana ta shanye siginar tashoshin da ke kan ƙananan lambobin megahaz, ta watse bayan faɗuwar rana. Daga nan dokar sauraro ta fito. Da rana ka nemi mita 19 (kilohaz 15100 zuwa 15800), mita 16 (17480 zuwa 17900) da mita 13 (21450 zuwa 21850). Da dare ka sauko mita 49 (5900 zuwa 6200) da mita 41 (7200 zuwa 7450). Mita 31 (9400 zuwa 9900) da mita 25 (11600 zuwa 12100) suna tsakiya, sun fi armashi da yamma da farkon dare. Kusan sa'a ɗaya a gefen fitowar rana da faɗuwarta ita ce lokacin da tashoshin da ba a saba ji ba kan leƙo, su ɓace cikin 'yan mintuna.

Abin mamaki, da farko an ɗauka wannan zango ba shi da amfani. Dokar rediyo ta Amurka ta 1912 ta tura masu rediyon sha'awa zangon da ke ƙasa da mita 200, inda gajeren zango yake, don su bar wa jiragen ruwa da gwamnati dogon zango. Su ne kuwa suka tono amfaninsa: a watan Nuwamban 1923 wani a birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo ta waya-iska da takwarorinsa na Amurka a wajen mita 100. Manyan gidajen rediyo suka biyo baya, BBC ta buɗe sashenta na ƙetare a Disamban 1932.

Kayan aiki da ɗaura wayar

Kana buƙatar wayar tagulla mai rigar roba, kauri milimita 1 zuwa 1.5, tsawon mita 10 zuwa 20. Mai silili da yawa ta fi mai sanda ɗaya jure kaɗawar iska. Sai igiyar nailan, da guntayen bututun roba biyu masu tsawon santimita 10 kowanne. Huda kowane guntu a bakinsa biyu: rami ɗaya na waya, ɗaya na igiya. Aikinsu shi ne raba wayar da bango ko bishiya, domin jiƙaƙƙiyar igiya tana zubar da sigina.

Ɗaga wayar sama gwargwadon iko, mita 5 ko 6 sun isa a fara. Ka nisantar da ita daga rufin kwano da aƙalla mita biyu, kuma ka miƙa ta ta yi nesa da gidan maimakon ta bi jikin bango, saboda cikin bango wayoyin wuta suke. Ba dole ta miƙe sak ba, ko ta karkata ko ta yi kwana za ta yi aiki. Idan a bishiya za ka ɗaura ƙarshenta, kada ka ɗaure tamau. Ratsa igiyar ta kan reshe ko ƙaramar kura, ka rataya mata nauyin kilo ɗaya ko biyu, ta yadda idan bishiyar ta kaɗa nauyin ne zai hau ya sauka, wayar ba za ta tsinke ba.

Batun da ba a sassauci a kansa shi ne layin wutar lantarki. Kada eriya ta bi ta samansa ko ta ƙarƙashinsa, kada a ɗaura ta a jikin turken wuta. Auna da ido: idan wayarka ta tsinke, ko sandar da ka kafa ta faɗi, shin za ta iya taɓa layin? In amsar e ce, canza wuri. Haka kuma hadari. Da ka ji tsawa ko ka ga walƙiya, cire eriyar daga rediyon, ka haɗa ta da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a waje. Babu wata ƙaramar na'ura da za ta tare aradun da ya faɗo kai tsaye.

Haɗa ta da rediyon

Nan ne aka fi yin kuskure. An ƙera ƙaramin rediyo ne don sandarsa mai tsawon ƙasa da mita ɗaya, saboda haka an sa masa kunne mai kaifi. Idan ka maƙala masa waya mai mita 20 kai tsaye, sigina na yi masa yawa. Alamar ita ce ka riƙa jin tasha ɗaya a wurare da dama, ko muryoyi biyu su cakuɗe, ko tashar matsakaicin zango ta garinku ta fito a tsakiyar mita 31. Mutum sai ya zaci ya kamo duniya, alhali rediyon ne ya ƙware. Maganin mai sauƙi ne: mayar da sandar rediyon ciki, ka naɗa ƙarshen wayar, da rigarta, sau biyar zuwa goma a jikin sandar ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Sigina zai tsallaka daidai gwargwado. Ƙara naɗi idan ya yi rauni, rage idan cakuɗewar ta dawo. Rediyon da ke da maɓallin DX (na tashoshin nesa) da Local (na kusa), gwada shi a Local tukuna. In duk da haka bai daina ba, rage wayar zuwa mita 6 ko 7.

Wannan naɗin yana da wata fa'ida. Doguwar waya tana tara caji idan busasshiyar iska mai ƙura na kaɗawa, ko hadari na haɗuwa a nesa, kuma cajin na iya ƙona tiransistan farko na rediyon. Rediyon zai ci gaba da kama FM lafiya lau, amma gajeren zango ya kurumce. Idan ta ramin eriya kake shigar da wayar, sa razista mai ƙarfin kilo-om 100 tsakanin eriya da wayar da ke zuwa sandar ƙasa don cajin ya riƙa tsiyayewa. Wasu na ƙara dayod biyu samfurin 1N4148, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya. Suna karewa, sai dai idan akwai tasha mai ƙarfi kusa da kai su da kansu kan haifar da cakuɗewar.

Wanda ke son aiki mai tsabta, kada ya bar wayar eriya ta shigo ɗaki tsirara, domin a 'yan mitocin nan na cikin gida take kwasar yawancin hayaniya. A tsayar da ita a waje, a ƙaraso da kebul mai garkuwa, RG-58 ko RG-6 irin na talabijin. A mahaɗarsu a sa ƙaramar taransifoma: zoben ferit (wani baƙin zobe mai kama da ƙarfe da ake naɗa waya a jikinsa) samfurin FT140-43, naɗi 21 a ɓangaren eriya, naɗi 7 a ɓangaren kebul. Uku bisa ɗaya a naɗi yana ba da tara bisa ɗaya, wato yana sauko da om 450 na ɓangaren eriya zuwa om 50 na ɓangaren kebul don su dace da juna. Ƙarshe ɗaya na naɗi 21 ya tafi eriya, ɗayan ya tafi sandar ƙarfe mai rufin tagulla da aka kafa mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ƙasa mai danshi. Liƙe kowace mahaɗa da dalma, ka rufe a ƙaramin akwatin roba mai rami a ƙasa don raɓa ta fita. Mahaɗar da aka murɗa da hannu kawai tana yin tsatsa cikin 'yan watanni, sai ka fara jin ƙaras-ƙaras duk lokacin da iska ta motsa.

Idan zango ɗaya ka fi so, yanka masa eriya mai hannu biyu. Raba 143 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne tsawonta duka a mita. Na megahaz 9.6 zai ba ka mita 14.9, kowane hannu mita 7.45, kebul a tsakiya.

Farautar hayaniya

Sa wa rediyon batir, ka murɗa zuwa inda babu tasha a wajen megahaz 6, ka saurari ƙarar. Kashe babban makunnin wutar gidan, har da inbata idan akwai. In ƙarar ta faɗi, ɓarawon na cikin gida. Kunna layi ɗaya-ɗaya har ta dawo, sannan ka zagaya da rediyon a hannu, sandarsa a takaice, ƙarar za ta ƙaru yayin da kake matsowa. Waɗanda aka fi kamawa su ne cajar wayar hannu mai arha, ƙwan fitilar LED, adaftar kwamfuta, talabijin, da na'urar cajin sola. Wani lokaci adaftar rediyon ce da kanta, shi ya sa masu sauraro da yawa ba sa rabuwa da batir. Abin da ba za a iya kashewa ba, a naɗa wayarsa sau huɗu ko biyar cikin zoben ferit, dab da jikin na'urar. Idan kuwa ka kashe komai ƙarar na nan, daga maƙwabta ne ko layin titi, kuma abin da ya rage shi ne matsar da eriyar zuwa ɗaya gefen.

Don gwada ko gyaran ya yi amfani, kana buƙatar tashar da ba ta tashi daga aiki. Tashoshin agogo sun dace: WWV ta jihar Kolorado a Amurka tana kan megahaz 5, 10 da 15 dare da rana, RWM ta Rasha kuma tana kan kilohaz 4996, 9996 da 14996. Gwada kafin gyara da bayansa cikin 'yan mintuna, saboda yanayin sama na canzawa daga sa'a zuwa sa'a.

Littafin sauraro da rahoto

Masu wannan sha'awa suna kiran kamo tashar nesa DX, kalmar da suka gada daga masu buga tangaraho. A tsakaninsu ana auna mutum da ingancin littafinsa. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, lokaci, lamba a kilohaz, harshe, abin da aka ji, da ingancin kamu. Lokaci kullum a agogon UTC, wato agogon duniya da ya yi daidai da GMT, ake rubuta shi, kuma akwai tarko a nan: idan agogonku na gaban UTC da sa'a ɗaya, ƙarfe 12:30 na dare a wurinka 23:30 ne na jiya, don haka kwanan watan ma sai ya koma baya.

Ingancin kamu ana rubuta shi da lambobi biyar na SINPO, kowace daga 1 zuwa 5, biyar ce mafi kyau: ƙarfin sigina, kutsen wata tasha, hayaniya, dusashewa, sai jimillar yadda aka ji. 43343 na nufin sigina mai ƙarfi, da ɗan kutse da hayaniya, dusashewa kaɗan, ana fahimta da ɗan ƙoƙari. Lambar ƙarshe ba ta cika wuce mafi ƙanƙantar sauran da yawa ba. Wanda ya rubuta 22225 ya nuna bai gane tsarin ba, wanda kuma kullum 55555 yake ba kowa, injiniyan tasha ba zai amfana da shi ba.

Kada ka sa sunan tasha don kawai jadawali ya ce ita ce a wannan lamba. Jira kan sa'a ko rabinta ka ji ta faɗi sunanta, ko ka ji kiɗan buɗe tashar, ko ka duba wata lambar da take watsa shiri ɗaya a lokaci ɗaya. In ba ka tabbatar ba, rubuta "ana zato". Jadawalin ma yana tsufa: manyan tashoshi na sauya lambobi sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Sannan inda ake magana daban, inda ake harbo siginar daban. Shirye-shiryen BBC da yawa da ake ji a Afirka daga tsibirin Asenshon da ke tsakiyar Tekun Atilantika suke tasowa, inda take da tashar harbawa tun 1966.

Idan kana son katin QSL, wato shaidar da tasha ke bayarwa cewa lalle ita ka ji, saurara na minti 15 zuwa 30 ka rubuta abin da ya gudana da lokacinsa: 18:00 sanarwar sunan tasha, 18:02 labarai da muryar mace, 18:10 hira kan noma, haka. "Labarai da kiɗa" ba hujja ba ce, kowa zai iya rubuta ta bai kunna rediyo ba. Ƙara da irin rediyonka, tsawon eriya, garin da kake, da sunan tashar da ke kutse idan ka gane ta. Faɗi ra'ayinka kan shirin a jimla biyu ko uku, domin sau da yawa ma'aikatan shirye-shirye ne ke buɗe wasiƙun. Tashoshi da dama yanzu ta imel suke karɓa su amsa da katin hoto, kuma ɗan faifan murya na minti ɗaya da ya ƙunshi sanarwar suna yana ƙarfafa rahoton. Roƙo ake yi cikin ladabi, ba dolensu ba ne, kuma amsa na iya ɗaukar watanni.

Akwai rediyoyin da masu su suka jona da intanet, irin su KiwiSDR da na Jami'ar Twente a Holan, waɗanda kowa zai iya murɗawa daga kwamfutarsa. Suna da amfani wajen rarrabe matsala: idan tashar na fita a can amma babu ita a wurinka, ka san tana kan iska, saura eriyarka ko yanayin sama. Amma duk abin da ka ji ta irin wannan hanya, rubuta a littafi da cikin rahoto cewa ta rediyon wane gari ka ji shi, don injiniyan da zai karanta yana son sanin inda siginarsa ya sauka ne.