Yadda malama za ta kula da lafiyar ƙwaƙwalwarta idan aikin makaranta ya dawo gida

Da aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai watan Agusta domin jarrabawar WAEC, sauran ɗalibai kuwa sun fi haka daɗewa a gida. A Zamfara an sake rufe makarantu a 2021 saboda matsalar tsaro, don haka malamar da ke Gusau ko Ƙauran Namoda tana da dalilin shirya wa irin wannan zama tun kafin ya zo.

Farkon abin da za ki yi shi ne ki yanka wa aikin lokaci. A makaranta ƙararrawa ce ke sallamar malama, a gida kuwa babu mai sallamarta, shi ya sa za ki ga tana duba aikin ɗalibai a waya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tuƙa tuwo, yaro kuma yana jan zaninta. Ki zaɓi sa'o'i biyu ko uku da hantsi, kafin zafin rana ya tsananta, ki zauna a wuri guda da kujera da littattafanki, sannan ki sanar da maigida da sauran mutanen gida a fili cewa a wannan lokaci kina wurin aiki. Wannan magana tana da nauyin faɗa, musamman a gidan da ake zaune da uwar miji ko abokiyar zama, amma da yawan mutane sun ɗauka cewa malamar da ke gida hutu take yi, kuma ba za su gane akasin haka ba sai an gaya musu cikin ladabi.

Wayar ma tana buƙatar iyaka. Ki shaida wa iyayen yara cewa saƙon WhatsApp da ya shigo bayan sallar isha'i sai da safe za a amsa shi. Idan data da caji suna wahala, ki naɗi darasi gajere da murya sau ɗaya ki tura, ya fi miki sauƙi a kan kiran kowane gida. Labaran mace-mace da ake yawo da su kuwa, dubawa sau ɗaya a rana ta wadatar.

Kada ki yanke zumuncin ɗakin malamai. Hirar da ake yi can tsakanin darasi da darasi tana rage nauyin zuciya fiye da yadda muke lura, saboda haka ki riƙa kiran abokiyar aiki ko da sau ɗaya a mako. Idan albashi ya tsaya, kamar yadda ya faru da malaman makarantu masu zaman kansu da dama a lokacin kulle, ki yi magana da uwar adashi da wuri a sassauta zubi, domin bashin da aka ɓoye yana hana barci.

Gajiya daban, ciwon damuwa daban. Idan baƙin ciki, rashin barci, rashin son abinci da ƙyamar abin da a da kike jin daɗinsa suka kai mako biyu, ki ci gaba da addu'a, amma ki ga likita. Za ki iya farawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Idan tunanin cutar da kai ya zo miki, ki gaya wa wadda kika amince da ita a ranar, ta raka ki asibiti.